Daga Midil ta Yola zuwa Kwalejin Janar Murtala: Makarantar lardin da ta yi wa Najeriya tanadin manya

Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Shugaban Ƙasa na mulkin soja, Janar Murtala Ramat Muhammed, ya yi wa 'yan Najeriya jawabi, ya bayyana shawarwari biyu da gwamnatinsa ta yanke, waɗanda har gobe a cikin inuwarsu muke. Ta farko, za a ɗauke babban birnin tarayya daga Legas a kawo shi tsakiyar ƙasa, wato wannan Abuja da mai karatu ke sammako zuwa ofis a cikinta. Ta biyu, jihohin ƙasar sun tashi daga 12 zuwa 19, kuma a cikin sababbin akwai Gongola, mai hedikwata a Yola. Kwana goma kacal bayan wannan jawabi, ranar Juma'a 13 ga wata, aka harbe shi a Legas yana kan hanyarsa ta zuwa aiki.

Kowane yanki ya nemi abin da zai sa wa sunan marigayin. Legas ta ba da filin jirgin samanta, Kano ta ba da babban asibitin cikin birni, daga baya aka buga hotonsa a takardar naira ashirin. Yola kuwa, garin da ya mayar babban birnin jiha yana gab da barin duniya, sai ta ba da tsohuwar makarantar bokon da ta fi kowace daɗewa a hannun hukuma a wannan yanki. Ita ce ake kira Kwalejin Janar Murtala Muhammed a yau, ko GMMC a bakin mutanen Jimeta da Yola. Sunan dai sabo ne idan aka kwatanta da shekarunta. Daga 1920 ake ƙirga tarihinta, wato ta ba ƙarni guda baya, kuma ta riga ta yi sunaye da dama kafin wannan: makarantar lardi, Midil ta Yola, Sakandaren Lardin Adamawa, Sakandaren Gwamnati. Kowane suna da zamaninsa, da irin hukumar da ke biyan malamai albashi a lokacin.

Gari biyu, kogi ɗaya

Wanda bai san Yola ba yakan ɗauka gari ɗaya ne. Asali biyu ne. Akwai tsohuwar Yola, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841 bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mazaunin Lamiɗo kuma cibiyar daular Fombina da ta miƙa har cikin ƙasar Kamaru ta yau. Sannan akwai Jimeta a bakin Kogin Binuwai, wadda ta bunƙasa da zuwan jiragen ruwan kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa da fata da ƙaro, da fatake Hausawa da Barebari da Nufawa, daga baya da ofisoshin gwamnati. A da akwai tazarar 'yan kilomitoci ta daji da fadama tsakaninsu. Yanzu gine-gine sun cike gurbin, har baƙo ba ya gane inda wannan ya ƙare wancan ya soma.

Ilimi ba baƙo ba ne a Yola lokacin da sojojin Ingila suka ci garin a watan Satumba na 1901, Lamiɗo Zubairu ya fice ya ƙi miƙa wuya. Kalmar modibbo kanta malami take nufi a Fulatanci, kuma wanda ya kafa daular da wannan laƙabi aka san shi, ba da na sarauta ba. Abin da ya zo sabo shi ne boko, kuma ta ƙofa biyu ya shigo lardin. Ƙofa ta farko ta 'yan mishan ce: mutanen Denmak sun sauka a Numan a 1913, Amurkawa kuma suka kafa tasharsu a Garkida a 1923, suka buɗe makarantu da wuraren shan magani a tsakanin Bacama da Bura da Margi da Kilba. Ƙofa ta biyu ta hukuma ce, wadda ta bi tsarin da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa Ɗan Hausa, ya soma a Nassarawa ta Kano a 1909: makaranta ƙarƙashin sarki, da kuɗin baitulmali, da darasin addini da Larabci a gefe, don kada iyaye su ga an zo raba 'ya'yansu da Musulunci. Makarantar Yola ta wannan ƙofa ta biyu ta fito.

Akwai wani abu da ya bambanta ta da 'yan'uwanta na Kano da Katsina da Zariya. A can Hausa ce harshen gida kuma harshen aji. A Yola kuwa harshen fada Fulatanci ne, harshen kasuwar Jimeta Hausa, yaran da ake kawowa daga gundumomi kuma kowa da na uwarsa: Bata, Camba, Vere, Yungur da sauransu. Wannan ne ya sa jami'in ilimi F. W. Taylor, wanda ya yi aiki a Yola, ya zauna ya rubuta nahawun Fulatancin Adamawa da aka buga a 1921, sannan ƙamus na Fulatanci da Ingilishi a 1932. Masu nazarin harshe har yau suna waiwayar waɗannan littattafai, galibinsu ba tare da sun tuna cewa buƙatar aji ce ta haifar da su ba.

Zamanin Midil

Wajen 1930, bayan E. R. J. Hussey ya zama Daraktan Ilimi na Najeriya baki ɗaya, aka sake fasalin karatun Arewa. Yaro zai yi shekara huɗu a Elemantare a garinsu ko a hedikwatar gunduma. Idan ya yi fice, sai a tura shi Midil, wadda galibi ɗaya ce tak a lardi. Daga Midil kuma 'yan ƙalilan ne ake tsamowa zuwa Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Sauran sai En'e ta kwashe su: wannan malamin haraji, wancan malamin asibiti, wani magatakardan alƙali, wani ɗan doka, wani malamin gona ko na daji.

Idan aka dubi girman Lardin Adamawa, wanda aka haɗa a 1926 daga lardunan Yola da Muri, za a gane nauyin da ke kan makaranta guda. Ƙasa ce da ta kama daga duwatsun Mandara a arewa har zuwa tsaunin Mambila a kudu, ba jirgin ƙasa, hanyar mota sai da rani, kogi kuma jirgi ba ya iya hawansa sai 'yan watannin damina. Yaron da aka zaɓa daga nesa yakan yi kwanaki a ƙasa, da akwatinsa a ka, kafin ya iso. Makarantar kwana ce, En'e ce ke ciyarwa da tufatarwa. Malamai kuwa yawancinsu 'yan Kwalejin Katsina ne, domin a wancan zamani koyarwa a Midil ita ce aikin da ya fi kowane daraja a hannun ɗan boko na Arewa. Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano a ta Bauchi, Abubakar Imam a ta Katsina. Ta Yola ma tana da nata, kuma babba ne.

Muhammadu Ribaɗu, ɗan hakimin Balala, yana cikin na farko-farkon da suka yi karatu a makarantar, kuma bayan ya gama ya dawo ya riƙe alli a cikinta. Daga nan ya gaji mahaifinsa a hakimci, ya zama Ma'ajin En'e ta Adamawa, ya shiga siyasa a farkon shekarun 1950, ya zama ɗaya daga cikin jiga-jigan jam'iyyar NPC a Legas. Shi ne Ministan Tsaro daga 1960 har zuwa rasuwarsa ranar 1 ga Mayu, 1965. A zamaninsa aka buɗe Kwalejin Horon Hafsoshi ta NDA a Kaduna, aka kafa masana'antar ƙera makamai a can, aka kuma kafa Rundunar Sojin Sama da doka, duk a 1964. Dandalin Ribaɗu da ke Jimeta da barikin tsohuwar NDA sunansa suke ɗauke da shi. Da yawa daga masu nazarin Jamhuriya ta Farko suna ganin da ya ƙara watanni a duniya, da wuya abin da ya faru a Janairun 1966 ya zo da sauƙin da ya zo. Wannan dai hasashe ne, Allah kaɗai ya san gaibu, amma yana nuna irin kwarjinin da tsohon malamin Midil ya yi a idon sojoji.

A nan ne tarihin makarantar ya yi wani ƙulli mai ban sha'awa. A watan Yunin 1963, lokacin da Ribaɗu ke kan kujerar tsaro yana kiran samarin Arewa su shiga aikin hafsa, wasu tsofaffin ɗalibanta biyu suka amsa. Ɗaya shi ne Ibrahim Mahmud Alfa, haifaffen Garkida, wanda ya yi firamare a Jimeta, ya shiga Midil a 1952, ya zauna a cikinta har ta rikiɗe ta zama sakandare, ya fita a 1960, ya ƙarasa a Zariya. Shi ya shiga sahun farko na matasan da aka ɗauka don kafa sojin sama. Ɗayan shi ne Murtala Nyako na Mayo-Belwa, wanda ya shiga Midil a 1955, ya soma sashen sakandare a 1958. Shi kuma, ɗan lardin da ke da nisan ɗaruruwan kilomitoci da teku, sai ya zaɓi sojin ruwa. Alfa ya yi gwamnan soja a Jihar Kaduna daga 1978 zuwa 1979, ya zama Babban Hafsan Sojin Sama daga 1984, ya shafe kusan shekara shida a kai. Yana sauka, a farkon 1990, Nyako ya hau kujerar Babban Hafsan Sojin Ruwa, bayan tun a 1976 ya zama gwamnan farko na Jihar Neja. Makarantar lardi guda, mai 'yan azuzuwa, ta ba ƙasa ministan da ya kafa runduna da kuma shugabannin runduna biyu daga cikin uku, ɗaya na bin ɗaya.

Mutumin da ma'aikatan tarayya suka fi sani

Ga ma'aikacin gwamnati, sunan da ya fi kusa da zuciya a jerin nan shi ne na Malam Ahmed Joda. An haife shi a 1930, ya yi Elemantare da Midil a Yola, ya wuce Kwalejin Kaduna a 1945. Bai tsaya kan hanya ɗaya ba: ya taɓa aikin gona, ya yi aikin jarida a Kamfanin Gaskiya da ke Zariya, ya yi a gidan rediyon ƙasa, sannan ya shiga aikin gwamnatin Jihar Arewa ta ɓangaren watsa labarai har ya kai Babban Sakatare. A 1967, daidai lokacin da ƙasa ke shiga yaƙin basasa, aka ɗauke shi zuwa Legas. Ya riƙe Babban Sakatare a ma'aikatun Watsa Labarai, Ilimi da Masana'antu, yana cikin 'yan tsirarun manyan sakatarorin zamanin Janar Gowon da ake cewa da su ake yanke shawarar ƙasa, ba aiwatarwa kaɗai suke yi ba. Yana da shekara 85 aka sake kiransa a 2015 ya shugabanci kwamitin karɓar mulki na Muhammadu Buhari. Ya rasu a Yola ranar 13 ga Agusta, 2021.

Duk wanda ya taɓa karanta takardar da mutanen wannan zubi suka rubuta ya san abin da ake nufi idan aka ce Midil ta koyar da rubutu. Jimla gajera, magana a kan gaɓa, ba kwana-kwana. Shekara huɗu ce kacal, amma shekara huɗu ce ta shifta da insha'i da lissafin ka, ƙarƙashin malamin da ke kwana a harabar makaranta, ya san sunan kowane yaro da na ubansa. A ganina wannan ne ya kamata a sa a gaba idan ana lissafin nasarorin makarantar, kafin a zo kan muƙamai. Muƙami yana da alaƙa da sa'a da zamani. Iya rubuta wasiƙar da minista zai sa wa hannu ba tare da ya gyara ba kuwa, a aji ake samunsa.

Fada ma ba a bar ta a baya ba. Lamiɗo Aliyu Musɗafa ya yi Midil ta Yola daga 1936 zuwa 1943, ya kama aiki da En'e, ya shugabanci 'yan dokan Adamawa, aka naɗa shi Lamiɗo a 1953. Ya yi kusan shekara 57 a gadon sarauta kafin rasuwarsa a watan Maris na 2010, wato ya ga Razdan, ya ga Firimiya, ya ga gwamnonin soja da na farar hula na jihohi uku da Yola ta kasance a cikinsu.

Daga Midil zuwa sakandare

A shekarun 1950 gwamnatin Arewa ta shiga tsere da lokaci. 'Yancin kai na tafe, ofisoshin Kaduna cike da Turawa da mutanen Kudu, Sardauna kuma ya ƙudurta sai 'yan Arewa sun karɓi aikin yankinsu. Kwaleji ɗaya a Zariya da ɗaya a Keffi ba za su wadatar ba. Sai aka ɗaga makarantun Midil suka zama sakandaren lardi, masu kai yaro har jarrabawar kammala sakandare ta Afirka ta Yamma. Haka Midil ta Kano ta bi hanyar zama Kwalejin Rumfa, ta Zariya ta zama Alhudahuda, ta Katsina ta yaye Muhammadu Buhari da Shehu Musa 'Yar'aduwa, ta Bida ta yaye Ibrahim Babangida da Abdulsalami Abubakar. Ta Yola ta zama Sakandaren Lardin Adamawa.

Cikin waɗanda suka shiga a farkon shekarun 1960 akwai wani yaro daga Jada, Atiku Abubakar. Labarinsa sananne ne, shi da kansa ya sha ba da shi: mahaifinsa bai yarda da boko ba, ya so ɗansa ya yi karatun allo ya bi dabbobi, har hukuma ta tsare shi na 'yan kwanaki sai da aka biya tara. Wannan ba abin mamaki ba ne a lokacin. Hakimai da dagatai sukan bi gida-gida neman yaran da za su cike gurbin da aka yanka wa gundumarsu, iyaye kuma suna ɓoye nasu a rumbu ko a ruga. Abin lura shi ne Jada a lokacin da aka haife shi ba ta gama zama Najeriya ba. Tana cikin yankin Kamaru da aka karɓe daga hannun Jamus bayan Yaƙin Duniya na Farko, Ingila na riƙe da shi amana. Sai a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 mutanen yankin, su Mubi da Ganye da Jada, suka zaɓi zama a Najeriya, aka yi musu Lardin Sardauna. Ke nan akwai yaran da suka zo Yola karatu daga ƙasar amana ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka koma gida hutu suka tarar garinsu ya zama Najeriya.

Su sittin aka ɗauka a shekararsu, kamar yadda tarihin rayuwarsa ya nuna. Ya gama a 1965, ya bi ta Makarantar Tsafta ta Kano da Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo a Zariya, ya shiga Kwastam a 1969, ya yi shekara ashirin, ya zama Mataimakin Shugaban Ƙasa daga 1999 zuwa 2007. Makaranta ɗaya ba ta sa ra'ayi ya zama ɗaya: a zaɓen 2007 Atiku na takarar shugaban ƙasa a AC, yayansa a makaranta Murtala Nyako kuma na takarar gwamnan Adamawa a PDP, kowa na jan zarensa.

A riƙe wannan adadi na sittin, domin a cikinsa sirrin yake, a cikinsa kuma aibin yake. Lardi guda mai faɗin wata ƙasa, a tace yaransa a fitar da 'yan dozin, a ba su gado da abinci da littafi da malami, sannan a sake su cikin ƙasar da kujerun ofis ke jiran mai takarda. Da wuya irin wannan tsari ya kasa fitar da manya. Waɗanda ba a lissafawa su ne dubban da ba su samu shiga ba. Kuma duk jerin nan da aka kawo babu mace ko ɗaya, domin makarantar ta maza ce; 'yan mata sai daga baya suka samu tasu sakandaren a Yola, ta jiha da ta tarayya. Wanda ke kewar zamanin Midil ya kamata ya tambayi kansa ko da an haife shi a lokacin yana cikin sittin ɗin.

Bayan an buɗe ƙofa

Shekarar da makarantar ta samu sunan Murtala ita ce kuma shekarar da komai ya sauya. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, UPE. Bayan shekara shida wannan ambaliya ta yara ta iso ƙofar sakandare, daidai lokacin da farashin man fetur ya faɗi, aljihun gwamnatoci ya soma bushewa. Aka shigo da tsarin 6-3-3-4, aka buɗe makarantun jeka-ka-dawo a unguwanni, jihohi da dama suka rage ciyarwa a makarantun kwana. Yola kanta ta kumbura: hedikwatar Gongola, sannan ta Adamawa bayan an cire Taraba ranar 27 ga Agusta, 1991; ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ga Jami'ar Fasaha da aka kafa a 1981 wadda yanzu ake kira Jami'ar Modibbo Adama, ga jami'ar AUN da Atiku ya kafa. Makarantar da a da ita kaɗai ce tauraruwa a lardi ta koma ɗaya daga cikin ɗaruruwa, tana neman kasonta a kasafin Ma'aikatar Ilimi ta jiha kamar kowace.

Sannan ga abin da ba a shirya masa ba. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta kama Mubi, gari na biyu a jihar, bayan Madagali da Michika. Jama'a suka kwararo Yola da Jimeta a ƙafa da a bayan manyan motoci, wasu a sansanonin Malkohi da Damare, mafi yawa a gidajen 'yan'uwa. Makarantun arewacin jihar suka rufe, 'ya'yansu suka ƙaru a kan na babban birni. A 2015 bama-bamai suka tashi a kasuwa da masallaci da tasha a Jimeta. Cewa makarantun gwamnati na garin sun ci gaba da buɗewa, malamai na shiga aji, yara na zana jarrabawa a irin wannan hali, nasara ce da ba a rubuta ta a allon girmamawa, amma ba ta gaza ta fitar da minista ba. Daga 2019 gwamnatin Ahmadu Umaru Fintiri ta ɗauki nauyin kuɗin jarrabawar WAEC da NECO na ɗaliban makarantun gwamnati, abin da ya sauke wa iyaye talakawa wani kaya da a da yakan tsayar da yaro a aji na ƙarshe.

Inda zancen ya shafi Abuja

Mai karatu na iya cewa wannan duk lamarin jiha ne. A takarda haka ne: sakandare, ban da makarantun haɗin kai na tarayya, a hannun jihohi take. Amma yadda tarayya ta tsara bututun kuɗinta yana da hannu a halin da irin su GMMC ke ciki, kuma a teburin ma'aikatan Abuja aka tsara shi.

Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ilimin tushe, wato firamare da ƙaramar sakandare, ta hannun hukumar UBEC, bisa sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. A ɗaya gefen, asusun harajin ilimi da aka kafa a 1993 da kuɗin ribar kamfanoni a da yana taɓa kowane mataki, har da sakandare. A 2011 aka sake dokar, ya zama TETFund, aka keɓe shi ga jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi. Sai babbar sakandare, aji uku na ƙarshe, ta zama marainiya: ta girmi UBEC, ba ta kai TETFund ba. Alhali a nan ne ake buƙatar ɗakin gwaje-gwaje da sinadarai da malamin fiziks da na lissafi mai zurfi, kuma a nan ne ake yanke wa yaro hukuncin ko zai ga ƙofar jami'a. An kafa hukumar kula da manyan sakandare ta ƙasa, NSSEC, don cike wannan giɓi, amma hukuma daban, kuɗi a ƙasa daban. Duk wanda ya taɓa bin fayil daga Ofishin Kasafi zuwa na Akanta Janar ya san tazarar da ke tsakani.

Akwai kuma batun daidaiton wakilci. Tsarin mulki ya tanadi a raba muƙaman tarayya tsakanin jihohi, an kuma kafa hukuma tun 1996 don ta sa ido. Sai dai gurbi ba ya cike kansa. Idan aka ce Adamawa ta kawo injiniya ko likita ko akanta, wani ne zai fito, kuma tambayar ita ce ɗan wa. A zamanin Joda da Atiku amsar na iya zama ɗan makiyayi daga Jada ko ɗan manomi daga Garkida, domin makarantar hukuma ce mafi kyau a lardi, ɗan Lamiɗo da ɗan talaka ɗaki ɗaya suke kwana. Yau yawancin masu albashin da ya kai, a Abuja ko a Jimeta, makarantar kuɗi suke kai nasu, kuma ba wanda zai zarge su. Kowa ɗansa yake so. Illa dai idan masu faɗa a ji suka janye 'ya'yansu daga wuri, idonsu ma yakan janye, rufin aji ya yi shekara yana yoyo ba wanda ya buga waya. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, a Yola da sauran tsofaffin makarantun lardi, sukan yi abin da za su iya: gyaran aji, rijiyar burtsatse, kyautar littattafai a ranar taro. Sai dai ƙungiya ba ta ɗaukar malami aiki, ba ta biyan albashi, kuma waɗanda suka ga zamanin Midil da idonsu suna ta raguwa.

Jarrabawa ta gaba ma daga Abuja take zuwa. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta ɗungurungum, kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta bayyana aniyar mayar da WAEC da NECO kan wannan hanya. A garin da zafin Maris da Afrilu ke haura maki 40, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas, wannan na nufin ɗaki mai sanyi, na'urori masu yawa, hasken rana ko janareta, da malamin da zai koya wa yaro riƙe linzamin kwamfuta tun kafin ranar jarrabawa. Makarantar kuɗi za ta ƙara wa iyaye kuɗin zango ta saya. Ta gwamnati sai ta jira a sa ta a kasafi, a amince, a saki kuɗin, a ba da kwangila.

Ga mai son bin diddigin yadda aka faro, fayilolin Lardin Yola da na Adamawa suna ajiye a Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, cikinsu har da rahotannin shekara-shekara da Razdan ke aikawa, inda ilimi ke da nasa babi kusa da na haraji da na lafiya. Wannan gida ma a ƙarƙashin gwamnatin tarayya yake, kuma wasu daga cikin takardun sun haura shekara ɗari.